Wai ƙauyenmu yana da lambar gidan waya kuwa?

Ummin Sabon Gida:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a taimaka mini kafin ranar Alhamis. Ina cike fom ɗin neman tallafin karatu a intanet, sai na iso wani gurbi da aka ce lallai in sa lambar gidan waya ta garinmu, in ban sa ba shafin ba zai wuce ba. Yaron shagon da nake cikewa ya ce in rubuta 23401, wai kowa ita yake sawa. Raina bai kwanta ba. Ni 'yar wani ƙauye ce a jihar Kano, Sabon Gida sunansa, gidajenmu ba su kai ɗari ba, kuma tun da nake ban taɓa ganin ma'aikacin gidan waya ya shigo mana ba. Wai irin garinmu yana da lamba kuwa?

Sadiƙu Mai Kwamfuta:
Wa alaikumus salam. Kar ki sa 23401, yaron nan zai ɓata miki aiki. Ita 234 lambar kiran waya ce ta Najeriya, mutane suka ƙara mata 01 don ta yi kama da ta Amurka mai guda biyar. Tamu guda shida ce. Ki sa 700001 kawai, ita ce ta Kano. Kullum ita nake sa wa mutane kuma tana wucewa.

Baba Mai Ritaya:
Sadiƙu, rabin maganarka daidai ne. Ka hana ta cin ƙasa ka miƙa mata yashi. Na yi shekara 31 a gidan waya, mafi yawansu a ɗakin rarraba wasiƙu, don haka bari in ɗan yi tsawo.

'Yata Ummi, 700001 lambar babban gidan waya ce na birnin Kano. Ba ta jihar gaba ɗaya ba ce. Lambar Najeriya kashi uku take. Ta farko tana nuna shiyya. Duk lambar da ta fara da 7, to Kano ce ko Jigawa ko Bauchi ko Gombe. Wadda ta fara da 8, Kaduna ce ko Katsina ko Sakkwato ko Kebbi ko Zamfara. Ta 6 Borno da Yobe da Adamawa da Taraba. Ta 9 su Abuja da Neja da Filato. Ta 1 Legas da Ogun. In kika haɗa ukun farko, sun gaya wa mai rarrabawa buhun da zai jefa wasiƙar, wato garin da mota za ta sauke ta. Shi ya sa Kaduna take 800, Zariya kuma 810, alhali jiha ɗaya ce. Ukun ƙarshe kuwa su ne na wurin da za a miƙa wa mai ita.

A karkara ba kowane ƙauye ake ba tasa ba. Gunduma ake ba lamba, ƙasar hakimi ke nan, duk ƙauyukan da ke ƙarƙashinta su yi tarayya a kanta. Saboda haka ki nemi sunan ƙaramar hukumarku da gundumarku a jerin da hukumar gidan waya ta ƙasa, NIPOST, ta fitar. Na jihar Kano suna farawa da 70 ko 71.

Sadiƙu Mai Kwamfuta:
Allah ya ƙara girma Baba, na karɓi gyara. Amma tsakani da Allah, wane ne zai aiko wa Ummi wasiƙa? Saƙon imel za su turo mata. Gurbin nan cika shi kawai ake yi.

Baba Mai Ritaya:
In dai gurbi ne kawai, me ya sa ba ka sa mata lambar takalminta ba?

Maman Hanifa:
Hahaha Baba ka kashe ni da dariya. Ni dai na tuna lokacin muna firamare, duk wasiƙar garinmu ta hannun hedimasta take zuwa. A bayan ambulan a rubuta sunan mutum, a ƙasa a sa sunan makarantar da akwatinta na gidan waya. Ranar kasuwa masinja ya hau keke ya je ya kwaso, a taron safe a kira sunan yaro a ce kai wa babanka. Wani lokacin ma yaron ne zai karanta wa uban. Ba lamba ba komai, kuma ba ta ɓata.

Direban Tasha:
To ai kin faɗi gaskiyar magana Maman Hanifa. Yau shekarata 19 ina ɗaukar saƙo daga Kano zuwa ƙauyuka. Buhun masara, maganin tsohuwa, kuɗin makaranta, har lefe na kai. Ban taɓa tambayar kowa wata lamba ba sai ta wayarsa. Kwatance ya ishe ni: in ka wuce gada ta biyu, ka ga tsamiya a hannun dama, ka tambayi mai shayi. Matambayi ba ya ɓata. Wannan lamba taku ta 'yan boko ce.

Injiniya Taswira:
Malam direba, kwatance yana aiki ne saboda kai ɗan hanyar ne kuma mai shayin ya san kowa. Ranar da aka sare tsamiyar fa? Ko mai shayin ya tafi cin rani?

Ga wata matsalar da kwatance ba ya warwarewa: sunayenmu maimaituwa suke. Ummi ta ce Sabon Gida. Na rantse a wannan zauren kaɗai za a sami mutum uku da suka san Sabon Gida uku daban. Tudun Wada akwai ta a Zariya, akwai a Kaduna, akwai a Jos, akwai a Gusau, ga kuma ƙaramar hukuma sukutum a Kano. Sabon Gari ba a magana. Hatta a cikin ƙananan hukumomi 774 akwai sunaye shida da suka zo sau biyu: Nasarawa tana Kano tana jihar Nasarawa, Bassa tana Filato tana Kogi, Obi tana Binuwai tana Nasarawa, sai Surulere tana Legas tana Oyo, Ifelodun da Irepodun kuma kowacce tana Kwara tana Osun. In ƙaramar hukuma mai shugaba da sakatariya tana da takwara, ina ga Unguwar Rimi da Gidan Dawa?

Direban Tasha:
Ka taɓo ni a nan Injiniya. Akwai shekarar da yaron motata ya karɓi injin markaɗe aka ce Tudun Wada, ya ɗora a motar da ba ita ba. Kwana huɗu muna nemansa. Amma fa da waya muka gano shi, ba da lamba ba.

Ɗalibi a Indiya:
Dalilin da ya sa Indiya ta ƙirƙiro tata ke nan a ranar 15 ga Agusta 1972. Garuruwa masu suna ɗaya sun yi yawa, ga harsuna barkatai kowa da irin rubutunsa, mai rarraba wasiƙa a arewa ba lallai ya iya karanta abin da ɗan kudu ya rubuta ba. Amma lamba kowa na iya karantawa. Tasu ma guda shida ce kamar tamu, ta tsakiyar New Delhi 110001. Bambancin shi ne a nan ɗan ƙauye ya haddace tasa kamar sunan kakansa, domin suna da gidajen waya fiye da 150,000, mafi yawansu a karkara. A nan ne yake karɓar kuɗi da takardun gwamnati.

Baba Mai Ritaya:
Yawwa ɗana, ka zo inda nake so. Lambar gidan waya ba taswira ba ce. Umarni ne ga ma'aikaci: jefa wannan a wancan buhun. In akwai buhun, akwai mota, akwai mutum a can ƙarshe da zai kwance ya raba, lamba tana da rai. In babu, sai ta zama abin da Sadiƙu ya ce, gurbi a fom. A zamaninmu akwai ƙananan wakilan gidan waya a garuruwan hakimai. Sau da yawa wani ɗan kasuwa ne mai amana, a shagonsa ake sayar da kan sarki, a ajiye wasiƙu a cikin akwati. Shi ya san wane ne Audu na gidan Sarkin Fawa da Audu na bakin rijiya. Lamba tana kai wasiƙa hannunsa, daga nan saninsa na mutane ne yake ƙarasa aikin.

Anti Nas a Ayalan:
Sannunku da hira. Na daɗe ina karantawa, sai da na sauko daga aikin dare na samu sukunin rubutu. Labarin ƙasar da nake zai ba ku mamaki, don matsalarsu irin tamu ce sak.

Ayalan ba ta da lambar gidan waya ta ƙasa baki ɗaya sai a watan Yulin 2015. Ku duba fa, ƙasar Turai. Dublin dai tana da lambobin unguwanni tun da can. A karkararsu gidaje ba su da lamba, hanyoyi da yawa ba su da suna. Adireshin mutum shi ne sunansa, sunan yankin gonakinsu, garin da ke kusa, sai gunduma. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na adireshin ƙasar ba na gida ɗaya ba ne, gidaje da yawa ke tarayya a kai. Kuma dangi ne ke zaune wuri ɗaya, sunan iyali ɗaya, wani lokacin har sunan yanka ɗaya. To wa ke raba gardama? Mai kai wasiƙa, wanda ya san kowa da kakansa. Wato dai mai shayin Malam direba, sai dai shi yana da albashi da mota.

Da suka tashi yi, ba su ba ƙauye lamba ba, kowane gida suka ba tasa. Sunanta Eircode, haruffa da lambobi bakwai. Ukun farko na yanki ne, kamar H91 na birnin Galway, huɗun ƙarshe na gidanka ne kai kaɗai. Ba su canja wa kowa adireshi ba, ba su tilasta wa ƙauye sanya wa hanya suna ba, sun dai liƙa lambar a ƙarshe.

Ni a matsayina na ma'aikaciyar jinya, ba wasiƙa ce ta dame ni ba. Motar asibiti ce. Yanzu mai kira ya faɗi lambar gidansa, direba ya bi na'ura har ƙofa. Ku tuna mace mai naƙuda da ƙarfe biyun dare, ana cewa direba in ka ga tsamiya.

Direban Tasha:
Anti, a garin su Ummi motar asibitin ce babu, ba lambar ba. Mu ne motar asibitin. Kuma mun san gidan.

Anti Nas a Ayalan:
Ban musa ba Malam. Allah ya saka muku. Amma ba kullum za a ce sai ɗan gari ne zai kawo ɗauki ba.

Injiniya Taswira:
Anti, akwai abin da ake kushe wa tsarin naku. Huɗun ƙarshen nan ba a jere suke ba, gidanki da na maƙwabciyarki lambobinsu ba su da wata alaƙa. In ba ka da na'ura da rumbun bayanansu, lambar ba ta gaya maka komai. Na Ingila ya fi ma'ana a wurina, duk da sun daɗe suna yi, tun gwajin da suka fara a Norwich a 1959 sai 1974 suka gama. Tasu tana tafiya daga gari zuwa yanki zuwa layi, lamba ɗaya ta haɗa gidaje kamar 15. Ɗan acaɓa zai iya koyonta da ka.

Anti Nas a Ayalan:
Gaskiya ne, masu kamfanonin kai kaya sun yi ta wannan ƙorafin da aka fara. Hujjar da aka bayar ita ce in an jera, wanda ya gina sabon gida tsakanin gida biyu ina za a sa shi? Kuma gidaje 15 a birni layi ɗaya ne, a daji kuwa tafiyar kilomita nawa ce?

Na Zangon Kumasi:
Salamu alaikum jama'a, gaisuwa daga Gana. Mu namu ya zo a Oktoban 2017, lokacin Shugaba Akufo-Addo. Sunansa GhanaPostGPS. An yanka ƙasar duka gida-gida, kowane yanki mita 5 tsawo mita 5 faɗi, kowanne da lambarsa. Ka tsaya ƙofar gidanka ka buɗe manhaja, ta ba ka. Harafin farko yanki ne, na biyu gunduma, shi ya sa na Kumasi suke farawa da AK, na Tamale NT, na Ankara GA. A zango wannan ya yi mana amfani, don lunguna ne ba suna. Ana neman lambar wurin yin katin ɗan ƙasa da buɗe asusu a banki.

Amma in faɗa muku gaskiya, mutane da yawa a wurin layin katin suka tsaya suka danna, ko wani yaro ya danna musu, sai ka ga mutum ɗari adireshinsu ɗaya, gindin bishiyar da aka yi rajista. Kuma har gobe in ka hau tasi ka karanta wa direba AK da lambobi, kallonka zai yi. Sai ka ce masa bayan babban masallaci.

Sadiƙu Mai Kwamfuta:
Ka ji ko! Ashe 23401 tana da 'yan uwa a Gana.

Ɗan Damagaram:
Ina yi ma kowa sallama. Mu nan Nijar tamu guda huɗu ce, kuma sauƙi gare ta, an bi jerin sunayen jihohi ne da haruffa. Agadas 1000, Difa 2000, Doso 3000, Maraɗi 4000, Tawa 5000, Tilaberi 6000, Damagaram 7000 don da faransanci Zinder ake rubutawa, sannan Yamai 8000. Amma ka tambayi mutum goma cikin kasuwa, da wuya ɗaya ya san ta. Abin da aka sani shi ne bwat, wato akwatin gidan waya. Ba a kai ma mutum wasiƙa gida, kai ne ke zuwa da mabuɗi. Dā mai akwati ɗaya sai ya zame ma gari duka adireshi. Duk wanda ya saurari gaishe-gaishe a rediyo shekarun baya ya san haka, mutum hamsin daga ƙauyuka daban suna ba da akwati guda.

Amma ni tambayata ga Injiniya. Duk waɗannan tsare-tsare na gida ne mai tushe. Makiyayi fa? Wanda damina yana arewa wajen Tanut, rani yana kudu kusa da iyaka, wace lamba ce tasa?

Injiniya Taswira:
Tambaya mai nauyi. Na yi aiki a cikin masu zana taswirar ƙauyuka lokacin yaƙi da shan inna, kuma a nan na gane girman abin. Da farko da hannu ake zana taswirar mazaɓa, ma'aikaci ya zauna ya zana abin da ya sani. Da aka kawo hoton tauraron ɗan adam aka ɗora a kai, sai ga rugage da ƙananan unguwanni da ba sa kan kowace takarda. Ba wai an ƙi su ba ne, wanda ya zana ne bai san da su ba, ko kuwa suna kan iyaka, wannan mazaɓa ta ɗauka na waccan ne, waccan ta ɗauka na wannan ne. Yaran da ke wurin ba a taɓa ɗiga musu ba. Sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya, aka ɗauki ma'aunin wurin, aka tambayi sunan daga bakin masu wurin. Wannan yana cikin abin da ya taimaka har aka kai ga sanarwar Agustan 2020 cewa an kawar da ƙwayar cutar ta asali daga Afirka.

Game da makiyayi, lambar wuri ba za ta bi shi ba, domin ƙasa aka yi wa lamba ba mutum ba. Abin da muka yi shi ne mu san mashekarinsu na rani da na damina, mu san arɗonsu, mu riƙe lambar wayarsa. Ka ga an dawo kan maganar Malam direba ke nan, ba don ina so ba.

Direban Tasha:
A rubuta a ajiye, Injiniya ya sallama.

Kawu Na Daji:
Ni duk ban yarda da wannan ɗoki ba. Ku da ke birni da ƙasar waje kuna ganin a san inda kake alheri ne. Mu da muke inda ake kwana da ido ɗaya, ba ma son gidan kowa ya hau wata na'ura. Yau a ce lamba, gobe a ce ga jerin gidaje da mai shanu da mai shago. Hannun wa zai faɗa? Kuma iyayenmu sun ba mu labari, duk ranar da aka zo ƙirga gidaje, haraji ne ke biyo baya.

Malam Na Tarihi:
Kawu, tsoronka yana da asali. Rajistar ƙauyuka ta farko da aka yi da gaske a ƙasar nan ta haraji da jangali ce. Mai unguwa ya ƙirga magidanta ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai wa sarki. Ko'ina aka san sunan ƙauye a takardar En'e, to don a karɓa ne. Sai a 1979 gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su. Abin lura shi ne wannan tsanin na mai unguwa da dagaci da hakimi shi ne adireshinmu na gaskiya har yau, kuma kamar yadda Baba ya faɗa, a kan gundumar hakimin aka ɗora lambar karkara.

Amma Kawu, ɓarayin daji ba su taɓa jiran taswira ba. Masu kai musu rahoto a cikin gari suke. Wanda rashin adireshi yake hana wa zuwa shi ne mai kawo taki da mai haƙa rijiya.

Kawu Na Daji:
Malam, mai kawo takin ya san hanya sarai ranar zaɓe.

Maman Hanifa:
Wallahi Kawu ka faɗi ta. Akwatin zaɓe ba ya ɓata hanya.

Injiniya Taswira:
Wasa kuke amma magana ce babba. Hukumar zaɓe tana da mazaɓu 8,809 da rumfuna 176,846 tun bayan ƙarin da ta yi a 2021, kowace rumfa da lambarta kashi huɗu: jiha, ƙaramar hukuma, mazaɓa, rumfa. Kano ce 19, Kaduna 18, Katsina 20. Ku duba katin zaɓenku za ku gani. Kuma sunayen rumfunan kwatance ne zalla, ƙofar gidan mai unguwa, firamare ta kaza, bakin kasuwa. Ni a ganina ita ce lambar da ta fi kowace kusa da ɗan ƙauye a ƙasar nan. Da za a haɗa ta da ta gidan waya da an huta.

Baba Mai Ritaya:
A'a ɗana, kar a haɗa. Rumfar zaɓe 'yan siyasa na iya ja ta nan su ja ta can. Wasiƙa ba ta da jam'iyya.

Alhaji Mai Tirela a Amurka:
Ina tuƙi ne tun ɗazu, yanzu na tsaya shan mai. Baba, abin da ka ce lamba ba taswira ba ce, a nan ma haka yake, mutane ne ba su sani ba. Lambar ZIP da aka fara ranar 1 ga Yuli 1963 hanyar mai kai wasiƙa take bi, ba iyakar gari ba. Tana farawa da 0 a arewa maso gabas, tana hawa har 9 a yamma, ni da na ga lambar farko na san kwana nawa zan yi a hanya. Sai ka ga mutum gonarsa tana wata gunduma, adireshinsa na ɗauke da sunan garin wata gundumar, don daga can motar wasiƙa take fitowa.

Akwai ƙananan wurare da ba su da magajin gari ba su da majalisa, gidan waya da lambar nan kaɗai ne shaidar cewa gari ne. Shi ya sa in aka ce za a rufe gidan wayan ƙauye sai ka ga tsofaffi sun fito faɗa. Akwai wani ƙauyen 'yan asalin ƙasar, Supai, a can cikin kwazazzabon Grand Canyon a Arizona, lambarsa 86435. Mota ba ta shiga, a bayan alfadarai ake saukar musu da wasiƙa da kayan abinci.

Sai dai tana da nata sharrin. Kamfanin inshora yana duba lambarka ya yanka maka kuɗi. Ka ƙaura layi biyu kawai, kuɗin inshorar motarka ya canja, kai ba ka canja tuƙi ba.

Maman Hanifa:
Alfadari a Amurka! Alhaji ka bari kawai. Mu da muke da jakuna a banza.

Baba Mai Ritaya:
Ba alfadarin ne abin kallo ba Maman Hanifa, wanda yake biyan mai alfadarin duk wata ne.

Sadiƙu Mai Kwamfuta:
Kafin a gyara duk wannan, ga dabara ga mai buƙata yau. Ka buɗe Google Maps ka danna wurin da kake ka riƙe, za ka ga wata gajeriyar lamba mai alamar tarawa a tsakiya. Tana nuna fili kamar mita 14. Ita nake tura wa masu kawo kaya. Amma Ummi kar ki sa ta a fom, ba ita suke nema ba.

Ummin Sabon Gida:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, na bi yadda kuka ce. Na sami ƙaramar hukumarmu, na sami gundumarmu, lambar tana farawa da 70, na sa kuma fom ya wuce. Sai dai na karanta jerin ƙauyukan sau uku, babu Sabon Gida. Sunan garin da ke gaba da mu na gani, wanda kakanninmu suka taso daga cikinsa.

Baba Mai Ritaya:
Madalla 'yata, Allah ya ba da sa'a. Kin yi daidai, lambar gundumar ita ce taku. Rashin sunan ba abin mamaki ba ne, ai sunan garin naku ma ya faɗa, sabo ne. In kuna so a san da ku, mai unguwarku ya rubuta ta hannun dagaci da hakimi, a kai ƙaramar hukuma da gidan waya mafi kusa. A adireshi kuwa ki rubuta Sabon Gida, ki bi shi da sunan wancan garin, sannan gunduma da lamba.

Ummin Sabon Gida:
Tabɗi. Baba ai nan gizo ke saƙa. Na karanta wa mahaifina saƙonku, ya ce shekara 40 ke nan suna neman a ba su nasu dagacin don su fita daga ƙarƙashin mutanen can, ba zai yarda 'yarsa ta rubuta sunan garinsu a takardar da za ta je ƙasar waje ba. Ya ce in goge.

Malam Na Tarihi:
Ikon Allah. Rigimar mene ce asali, gona ko sarauta?

Ummin Sabon Gida:
Wai kan kasuwa ce, an ce su suka janye ranar cinta daga Talata. Ni ba a haife ni ba ma.

Sadiƙu Mai Kwamfuta:
Kin riga kin tura fom ɗin ko da saura?

Ummin Sabon Gida:
Na tura tun azahar. Ban dai gaya masa ba tukuna.

Direban Tasha:
Ki bar shi sai ya ci tuwon dare. In takardar ta iso Kano ki ba su lambata, ranar Talata ina bi ta wajenku, ki ce wa mai shayin bakin gada ya riƙe miki.